Fulas ɗin Yaya

Likita ya duba sakamakon gwajin jinin maigidana, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau.

"Malama, kin tabbata yana shan maganinsa?"

Raina ya sosu. Ni da nake tsayawa a kansa sai ya haɗiye, har in ce ya buɗe baki in gani? Tun da aka yi masa dashen ƙoda, ƙwayoyin nan ne ke hana jikinsa ƙin baƙuwar. Ƙodar kuwa ta yayarsa ce, ita ta kwanta aka ciro aka ba shi.

"Maganin ya yi ƙasa a jininsa," in ji likita. "In aka ci gaba haka, za mu rasa ƙodar. Ki bincika, akwai abin da ke cinye shi."

Ruwa ba ya tsami banza. Na koma gida tambayar tana yi mini ƙaiƙayi. Na shinshina kwalaben kicin, na leƙa ƙarƙashin gado, na zazzage aljihun rigunansa, ban samu komai ba sai tsinken sakace. Shi kuwa gogan yana kishingiɗe yana yi mini dariya.

Da la'asar Yaya ta yi sallama kamar kullum, rungume da jan fulas ɗinta. Ta tsiyaya masa, ya kurɓa yana lumshe ido. Kullum a gabana ake yi, amma sai a ranar na kula da ƙamshin.

"Yaya, wane irin shayi ne wannan?"

"Wani fure ne mai ruwan ɗorawa. Yana yaye damuwa. Ba ki ga tun da ya fara sha ya daina zaman tagumi ba? Ai tsiro ne, ba magani ba."

Na roƙi kaɗan daga furen, ta ƙunso mini a takarda. Washegari muka tafi asibiti tare, don ta rantse sai ta ji da kunnenta.

Mai harhaɗa magunguna ya murza furen a tafin hannu. "Yana rage damuwa kam. Amma yana sa hanta gaggawa. Kamar mai shara ce da ke kwashe kwano kafin a ci abinci. Ƙwayar na shiga, sai ta kore ta."

"Tsiro ɗin?" na ce, don abin ya ɗaure mini kai.

"Magunguna da yawa daga tsiro suka fito. Ku daina yanzu, likita zai riƙa gwada jinin har ya daidaita."

Na dubi Yaya. Hannunta na gani ya tafi kwiɓinta, daidai inda tabon aikin yake. Tausayinta ya kama ni.

"Ni na ba shi ƙodar," ta ce a hankali, "ni kuma nake korar ta?"

Na ɗauka ba za ta zo ba ranar. Da la'asar sai ga sallamarta, da jan fulas. Ta miƙo mini shi tun daga bakin ƙofa.

"Shinshina, sarkin bincike. Ruwan zafi ne zalla."

Maigidana ya karɓi kofin da hannu biyu, ya kurɓa, ya lumshe ido kamar kullum.