Ƙafar Hagun Ummi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma akwai wuri ɗaya a cikin labarin da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ummi, mahaifiyata, ce ta ce in rubuta kawai, ai ba sata na yi ba.

Tun kafin a haife ni Ummi take zuwa gidan wanka na unguwarmu a nan Miknas ta ƙasar Maroko, duk ranar Alhamis, da bokitinta da baƙin sabulu da 'yar tabarmar roba. Sai gwiwarta ta hagu ta sage, ta daina lanƙwasuwa. Wata Alhamis cikin sanyin bara ta zauna a ƙasa a ɗakin zafi kamar yadda ta saba, da ta zo tashi ta kasa. Mata biyu ne suka ɗaga ta, ɗaya ma yarinya ce da Ummi ta taɓa goyawa. Ba wadda ta yi dariya. Amma da muka dawo gida ta rataye bokitin, ba ta sake komawa ba.

Likita ya ce ta riƙa zama cikin ruwan ɗumi, zai sassauta mata. Ni nake dafa ruwa in cika babbar roba, in riƙe ta ta shiga, in riƙe ta ta fito. Duk sanda na sa hannu a hammatarta sai ta kawar da kai. Daga baya ta ce a bari, gwiwar ta yi sauƙi. Ba ta yi ba. Ina jin yadda take jan ƙafar in za ta alwala.

Da yayana Driss ya zo hutu daga Beljiyam, inda yake tuƙin motar bas, sai ya nuna mata hoto a wayarsa.

"Ummi, irin wannan bahon zan saya miki. Shi yake ɗumama ruwansa da kansa, yana feso miki ruwa a baya da gwiwa. Mu ɗora shi a saman gida, kina ciki kina kallon gari."

"Wa zai hau da ni saman? Kai, daga Beljiyam?" Ta miƙa masa wayarsa. "Kuma mutum ya zauna cikin ruwan da ba ya tafiya? Ni wake ce da za a jiƙa?"

"To a tsakar gida."

"Yi abin da ka ga dama, ɗana. Ni dai ba mai ƙara cicciɓa ta kamar buhun alkama."

Ta ƙi zuwa shagon. Ni ta tura. "Bi shi, Nezha, kar ya sayo mana jirgin ruwa."

Shagon yana sabon gari, gabansa duk gilashi. Bahunan suna jere, busassu, suna ƙyalli. Mai sayarwar wani dattijo ne mai ƙiba, Si Mbarek, ya sa aka kawo mana shayi da na'ana'a kafin a yi maganar komai. Ni na tsaya bayan Yaya ina riƙe da kofina da hannu biyu. Akwai wasu mata da miji a can gefe suna duba famfuna.

Yaya ya miƙe kai tsaye wurin mafi girma, mai zurfi har ƙugu, da fitilu masu canza launi a cikinsa.

"Wannan na mutum shida ne," in ji Si Mbarek. "Ku nawa ne a gidan?"

"Tsohuwarmu da wannan mara bakin."

"To sauran huɗun fa, haya za ku ba su?"

Suka yi dariya. Yaya ya ce shi babba yake so, uwarsa ta sha wahalarsu. Ni kuwa bakin bahon nake kallo. Dogo ne, ga shi siriri, kuma kujerun ciki a kwance suke can ƙasa. Na ja hannun rigar Yaya na raɗa masa cewa Ummi ba za ta iya fita ba.

"Akwai matakala, ba ki gani?"

"Ta waje ce. Ta ciki fa?"

"Sai ki kama ta."

Ban san sanda na ajiye kofin ba. Na tambayi Si Mbarek ko zan iya shiga. Sai da na maimaita, don bai ji ni ba da farko.

"Shiga mana, 'yata. Cire takalmi kawai."

Na tattare jallabiyata, na miƙar da ƙafar hagu na sandare ta yadda ta Ummi take, na hau matakalar. Shigar ma da ƙyar, sai da na zame na faɗa kan kujerar da ƙara. Matar nan da mijinta suka bar famfunansu suka juyo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dafa nan, na dafa can, na yunƙura. In dai ban lanƙwasa gwiwar ba, ba tashi. Na sake gwadawa ta ɗaya gefen, ɗankwalina ya zame, na gyara.

Yaya ya miƙo hannu, yana waige-waige. "Ke, tashi mu tafi, kin tara mana jama'a."

"Ranar da Ummi za ta kasa fita ba ka nan," na ce. "Kana can kana tuƙi."

Ya janye hannun a hankali. Ya daɗe yana kallon ƙafata da ke miƙe a cikin bahon.

Matar da ke kallo ce ta fara magana. "Ku bar ta ta gwada. Tawa uwar ma haka take."

Na lanƙwasa ƙafar na fito. Si Mbarek ya wuce gaba muka bi shi har ƙarshen shagon. Akwai wani ƙarami a kusurwa, na mutum biyu, ba fitila ko ɗaya. Bakinsa mai faɗi ne kamar dakali, tsayinsa bai wuce na kujera ba, kuma akwai tudu a ciki da ƙarfen dafawa.

Na zauna a bakin, na ɗaga ƙafar hagu da hannu biyu na tsallakar da ita, ta dama ta bi. Na sauka kan tudun, sannan kan kujera. Wajen fita na kama ƙarfen, na ja jiki baya na zauna a bakin, na juyo da ƙafafun waje. Na sake yi, na kuma sakewa, har na manta ana kallona.

"Yarinyar nan za ta cinye mini baho kafin a saya," in ji Si Mbarek. Ya juya wurin Yaya. "Abu ɗaya, ka faɗa wa Lalla, tsohuwar taku. Ba baƙin sabulu a ciki, ba yumɓun wanke kai. Toshe shi za su yi."

Yaya ya shafa bakin bahon. "Ko fitila ɗaya ba za a sa masa ba?"

"Ka kunna mata ta tsakar gida."

Mota ba ta shiga lungunmu, don haka a kafaɗa aka shigo da shi, a karkace, masu ɗaukar suna ta faɗa da juna a kan wanda ya goga shi da bango. Mai gyaran wuta da mai famfo suka yi nasu. Muka ɗaura rumfar yadi daga bishiyar lemo zuwa tagar ɗakin girki saboda maƙwabta masu shanya a sama.

Ummi ta zagaya shi da sandarta. Da na gaya mata zancen sabulu ta riƙe haɓa.

"Bahon da ba a wanka a ciki. Allah ya nuna mana zamani."

Kwana biyu ba ta kula shi ba. Yaya ya koma bakin aikinsa bai ga ta shiga ba, yana ta bugo waya yana tambaya. Ran nan bayan la'asar ta shiga banɗaki ta yi wankanta tsaf da bokiti, don ta ce ba za ta kai datti cikin ruwa mai tsabta ba. Ta fito ɗaure da zani.

"Nuna mini yadda kika yi a gaban mazan."

Na nuna mata daga waje, ban shiga ba.

"To je ki ɗakin girki. Ki rufe ƙofa."

Na tafi. Na ɗauko tiren alkama na zauna tsinta, amma kunnena yana tsakar gida. Na ji ta jingine sanda. Na ji ta yi bismillah. Shiru, sai motsin ruwa, sai wani dogon numfashi. Can injin bahon ya fara gurnani, ta ce "A'a" da ƙarfi, sannan na ji tana dariya ita kaɗai.

Ta jima a ciki. Da injin ya tsaya na ajiye tiren na miƙe, hannuna a kan mariƙin ƙofa. Ruwa ya motsa. Ƙarfen ya ɗan yi ƙara. Na ji nishinta, irin wanda na sani, na kusa buɗewa. Ban buɗe ba. Sai ga sautin tafin ƙafa ɗaya a kan daɓe, bayan ɗan lokaci na biyun.

"Nezha."

"Na'am, Ummi."

"Ɗora shayi. Kuma ki gaya wa yayanki ruwan ya cika zafi, a rage."

Na leƙo. Tana zaune a bakin bahon ta yafa tawul, fuskarta ta yi ja, tana matse jelar gashinta. Ba ta kalle ni ba, na koma na ɗora shayin.

Washegari da safe na yi kwaɓin burodi, na jera a katako na rufe da tsumma. Ummi tana ta janye murfin bahon da ƙugiyar sandarta lokacin da na ɗora katakon a kai. Na ce mata na tafi gidan gashin burodi na unguwa. Da na miƙa burodin ban juyo gida ba, na bar mata gidan ita kaɗai, na zauna a dakalin ƙofar wurin na jira har ya gasu.