Ranar Buɗe Kogin Malleo

Karo na biyar ke nan zaren yana kuɓuce wa Don Anselmo. Ya sake kama bakin zaren da haƙori, ya danne ƙugiyar da hannun hagun nan da ya daina jin magana tun watan Yuni, ya zura, ya murɗa, ya ja. Wannan karon ƙullin ya zauna.

"Tsoho, kawo in ɗaura maka mana," in ji 'yarsa Griselda. Tana zaune kan dutse rungume da ƙoƙon shayin mate, hancinta ya yi jawur don sanyi.

"Ke da ɗaurin igiyar takalmi ya gagare ki har kika shekara tara? Sha shayinki."

Ta yi dariya, amma iyakarta leɓe. Dukansu sun san abin da ya kawo su bakin Malleo yau ɗaya ga Nuwamba, ranar da ake buɗe kamun kifi. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a tsakar gida, Griselda ta kafe sai ya bar gidansa na garin Junín ya koma wurinta a birnin Neuquén, bene hawa na shida, inda ruwan da zai gani bai wuce na famfo ba. Da gardama ta yi tsawo, shi da bakinsa ya yanke magana: in ya kama kifi ya sa shi cikin koma shi kaɗai, a ƙyale shi da gidansa. In ya kasa, ya ɗaure kayansa.

Hunturun bana kuwa, wanda a ƙasar nan daga Yuni yake farawa, ya ga ta kansa. Wata biyar kogi a rufe, dusar ƙanƙara har gwiwa, shi yana gaban murhu yana naɗa gashin tsuntsu a jikin ƙugiya don ya yi kama da ƙwaro. Ya ɓata sun fi arba'in kafin ɗaya ya yi kyan gani. Zakaransa ma ya sha fiffiga har wuyansa ya koma fayau, da ya hango Anselmo sai ya ranta a na kare. Ba naman kifi yake kwaɗayi ba, a Malleo ai ba a kashe kifi, kamawa ake a mayar. Ruwan yake bege, begen da har yakan hana shi cin abinci.

Ya gyara dogon wandonsa na roba ya shiga. Sanyin ya kama cinyoyinsa, ya ji shi har ƙafar hagu, ƙafar da ya zaci ta mutu. Ya ɗaga kai. Ga Dutsen Lanín can fari fat, rana ta taɓa ƙololuwarsa. Itatuwan bakin ruwa sun fitar da sabon ganye, ƙananan ƙwari suna tashi daga kan ruwa dubu-dubu, tsattsewa na kai musu sura. Ikon Allah! Shekara hamsin yana ganin wannan abu, yau kuma ya tsaya baki buɗe.

Can ƙarƙashin wani reshe ruwa ya yi zobe, alamar kifi ya taso. Ya sake yi.

Ya kaɗa sandar baya, ya kaɗa gaba, zaren ya miƙe a iska, ƙwaron ƙaryar ya sauka a hankali ya biyo ruwa. Sai wani ƙaton baki ya fito ya haɗiye shi, ba gaggawa.

"Baba!" Griselda ta miƙe, ƙoƙon ya kife.

Kifin ya yi tsalle. Tsawonsa ya kai hannun mutum, cikinsa ruwan zinariya, jajayen ɗigo-ɗigo a gefensa. Anselmo ya ji hawaye sun cika masa ido, bai kuma ji kunya ba.

Amma kifi irin wannan hannu biyu yake so. Na dama na riƙe da sanda, na hagu shi ne mai naɗe zare da ɗauko koma, ga shi ya ƙi. Yatsun sai karkarwa suke, suna zamewa. Minti goma ya wuce, sha biyar. Duk mai fatsa a kogin nan ya sani, kifin da aka daɗe ana ja, ko an sake shi ba ya kai labari. Anselmo ya ga kifin ya fara karkata, farin cikinsa na nunawa.

"Jawo shi kan tsakuwa!" Griselda ta ɗaga murya. "Na yarda, Baba, ka kama! Jawo shi kawai!"

"Kan tsakuwa? Ya goge majinar jikinsa ya je ya mutu? Haba, Griselda."

Ya dubi kifin sosai, ya cika idonsa da shi. Sannan ya miƙar da sandar saitin kifin, ya danne zaren da yatsa, ya fizga. Zaren ya tsinke, tas. Ƙugiyar ba ta da ƙaya, gobe-jibi za ta faɗi da kanta. Kifin ya tsaya jim, ya daidaita, ya kaɗa wutsiya ya shige cikin zurfi.

Anselmo ya fito a hankali ya zauna kusa da 'yarsa.

"Na faɗi," ya ce. "Magana ɗaya ce. Sai dai ki nemo mai riƙon zakaran."

Griselda ta juya wajen kogin. Idonta na kan reshen nan, inda ruwa ya koma sumul. Ta ɗauki ƙoƙon, ta sake zuba ganye da ruwan zafi, ta miƙa masa.

"Yaushe ake rufe kogin?" ta tambaya.

"Ƙarshen Mayu."

"To, ni dai ban ji wanda ya ce sai yau za ka kama kifin ba." Ta jawo akwatin ƙwarinsa na ƙarya ta ɗora masa a cinya. "Ɗaura wani, tsoho. Ba zan taya ka ba."