Dutse a Bakin Zani

"Wai mi ya samu huskar Inna haka?"

Yaya Zuhura ce, can a zaure. Ƙanenta take tambaya, Malam, mijin Rabi'a, amma da muryar da za ta iso madafa. Rabi'a tana durƙushe gaban tukunya, muciya a hannu... mi ya samu? Sai ka ce ba a san da wa ake ba. Wa ke shiga ɗakin suruka da dutse kullum bayan la'asar? Ita.

Dutsen ma wa ya kawo? Ba Yaya Zuhurar ba? Ɗan kore mai santsi kamar ragowar sabulu, wai guwasha, na tausar huska, a waya ta gani. Ta ajiye, ta hau mashin ta koma Amarawa, ta bar wa matar ƙane aiki. Tun da ciwo ya karkatar da bakin Inna, kuncin hagu ba ya jin sanyi ba ya jin zafi, kuma likita ya faɗa, gaban kowa ya faɗa: tausa a hankali, ban da zafi.

Ita Rabi'a, ta taɓa kuskure? Ruwan ɗumi, irin na wankan jariri. Ta tsamo, ta goge, ta ɗora a wuyan hannunta tukuna ta ƙirga goma. Man kaɗanya. Daga haɓa zuwa kunne, sannu-sannu, ba dannawa. Wata biyu cur! Aji uku ta yi a boko, to, sai mi? Fatar hannu takarda take nema?

Jiya, azahar. Ta koma ɗauko kwano, labule bai rufe duka ba. Inna zaune, kaskon turare a gabanta, dutsen a kan garwashi — a kan garwashi! Ta ɗauka da gefen mayafi ta manna a kunci, tana duban madubin da ta ce ta kyautar tuntuni. Tana gwada harafi, yana zamewa, ta sake... Da gangan Rabi'a ta saki kwanon. Ƙarar ta sa aka cusa dutsen ƙarƙashin tabarma, amma ya riga ya ci kuncin.

Innar da ta shekara talatin tana biya wa matan unguwa karatu. Innar da ke ce wa masu dubiya, alhamdu lillahi, ni na karɓa. Ashe sauri take. Ashe so take bakin ya miƙe kafin ɗalibai su dawo bayan Sallah.

To a je a ce mi? Yaya, uwarku ce? Da wane bakin?... Kai, wannan gida! Kowa da karatu, ba mai ido.

Wurin ya tashi ya ɗuri ruwa. Ba dutse, ba mai, sai ya warke. Da safe tana wanke mata da ruwan sanyi, Inna ta kama hannunta ta matse. Shi ke nan. Ko kallonta ba ta yi ba.

Tuwo na kamawa. Takun Malam na matsowa, yanzu zai ce, "Rabi, zo mana," da muryar haƙurin nan tasa da ta fi faɗa ciwo. Ta taɓa ƙugu — dutsen na nan, ɗaure a bakin zani, ɗumin jikinta kawai gare shi. Nan zai zauna. Kaskon ma ta fito da shi, wai toka za ta zubar.

Su ce ita ce. Za ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri... ta gaji, wallahi ta gaji. Amma daga bakinta dai, ba mai ji.