Shafin Rigar Jannatu

Riga ɗaya 'yata Jannatu take yarda ta saka a duniya. Wata ruwan toka ce ta auduga da na tsinto a gwanjo tun tana shekara biyar, yanzu ga shi ta shiga ta takwas. Idan na wanke, a gindin igiya take tsayawa riƙe da gefen rigar har ta bushe. Likita ya ce galahanga ce, abin da ni zan ji kamar ƙaiƙayi a fata, ita kamar ƙaya take jin sa. Ni na yarda, don ni nake kwana nake tashi da ita. Hajiya, uwar mijina, ba ta yarda ba.

Ƙaramar Sallar bara muka cusa mata sabuwar atamfa da ƙarfin tsiya. Muna shiga gidan Hajiya, falo cike da baƙi, ta yage ta daga wuya har ƙasa, ta tsaya daga ita sai wando tana ihu tana buga kai da bango. Tun ranar Hajiya ta yanke cewa iska ce. Akwai wani malami a wani ƙauye gaba da Itas da ke riƙe irin waɗannan yara wata uku, hayaƙi da rubutu. Na ga ɗan maƙwabtanmu da ya dawo daga can da shatin igiya a idon sawu, 'yan kalmomin da ya tafi da su ma can ya baro su.

Ana goma ga azumin bana Hajiya ta aiko da leshi ruwan goro, ankon jikoki. Da saƙo ya zo: jikarta ba za ta shigo mata gida da tsumma ranar Sallah ba, ba kuma za a ɓoye ta a gida ba. Idan ta maimaita na bara, washegari za a kai ta wurin malamin nan.

Na dubi Baban Jannatu, na ce, "To kai me ka ce?"

Ya ce, "Sadiya, uwata ce fa."

Kamar na ce masa kishiyata ce. Raina ya ɓaci har na kasa shan ruwa da aka kira Magariba. Na tsane shi a ranar, ba zan ɓoye ba.

Sau huɗu na wanke leshin nan, na jiƙa, na murje, ƙyallinsa duk ya tafi. Na ɗora wa Jannatu a hannu, ta yarfar kamar na ɗora mata garwashi. Saura kwana shida Sallah na kwashe shi na nufi shagon Titi mai ɗinki a bakin kasuwa. Bayarabiya ce, amma a Azare aka haife ta, Hausarta har ta fi tawa karin magana. Ɗinkin mutane ya kai mata wuya, ko ɗago kai ba ta yi ba sai da na ajiye leshin a gabanta. Na zayyana mata komai.

Ta dubi Jannatu da ke bakin ƙofa tana murza gefen rigarta, ta ce, "Maman Jannatu, ai hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wannan tsohuwar za mu yi wa sabuwar shafi da ita. Hajiya ta ga leshinta, yarinya ta ji rigarta."

Faɗa da baki ba wuya. Sai an cire rigar daga jikinta kafin a ɗinka. Na naɗe Jannatu da zanena, ta shige ƙarƙashin teburin Titi tana wani kuka ƙasa-ƙasa mai cin rai, idonta a kan rigar. Ƙarar injin keken na ƙara firgita ta, sai Titi ta kashe, ta koma taka shi da ƙafa. Awa biyu da rabi. Mata uku suka zo karɓar ɗinki suna tsaki, ta ce wadda ke sauri ta ɗauki yadinta ta ƙara gaba. Da ta gama, na juya cikin na nuna wa Jannatu. Ta shinshina, ta shafa, ta ɗaga hannuwa da kanta. Na zauna a kan tarin ƙyallaye na yi kuka da azumi a bakina.

Kullum da hantsi na riƙa saka mata, mu taka har ƙofar gidan Hajiya, mu taɓa ƙyauren mu juyo, don hanyar ta zauna mata.

Ranar Sallah ana saukowa daga Idi muka tafi, kafin gidan ya cika. Ta shiga, ta zauna a gefena. Na fara jin numfashina na dawowa. Sai ga Suwaiba, ƙanwar mijina, wadda ba a taɓa yin abu ba ta sa hannu ba.

"A'a, 'yar gidana ba ɗankwali?"

Kafin na buɗe baki ta fesa mata turare, ta damƙe mata kai da ɗauri. Jannatu ta sandare. Ta fara gunjin nan da na sani, tana kai da komo da jikinta, hannunta ya tafi wuyan riga. Ni kuwa ba abin da nake gani sai igiya. A zuciyata ina ta ya Hayyu ya Ƙayyumu, na zare ɗankwalin a hankali na cusa a jaka. Yatsunta suka shige ta wuyan rigar, suka samu audugar, suka fara murzawa. Tana murzawa gunjin na raguwa. Ba ta yaga ba.

Amma ta jawo bakin shafin waje, ruwan toka a kan ruwan goro, kowa na kallo.

Hajiya ta ce, "Kawo ta nan."

Na ce, "Hajiya, ba ta son a taɓa ta."

Sai ta taso da kanta, da ciwon gwiwarta, ta durƙusa ta ɗaga gefen leshin da yatsu biyu. Ta gane tsumman.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Hajiya, ni na sa aka yi. Kin ce ta saka ankonki, ta saka. Kin ce kar ta yaga, ba ta yaga ba. Ki yi min duk hukuncin da kika ga dama, amma don girman Allah kar ki raba ni da ita. Ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo."

Baban Jannatu yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Hajiya ta daɗe tana murza audugar tsakanin yatsunta, kamar yadda Jannatu ke yi. Sannan ta saki, ta dafa kujera ta miƙe.

"A bar ta mu gani zuwa Babbar Sallah."

Aka kawo tuwon Sallah, aka ci gaba da gaishe-gaishe. Ni kuwa lissafi na shiga yi. Wata biyu da kwana goma aka ba ni, kuma Hajiya ba ta maimaita anko, sabo za ta aiko.

Da muka koma gida na farke ɗinkin a hankali don na mayar mata da rigarta. Na ɗaga ta a rana. Duk inda allurar Titi ta bi ya bar layin ƙananan huji, ƙarƙashin hammata kuma ya yi sirara har ina hango tafin hannuna ta ciki. Jannatu na tsaye a gabana, ta riga ta ɗaga hannuwa tana jira.