Hantsar Wule

Wule ba wata kyakkyawar saniya ba ce, ƙahonta ɗaya ma a karkace yake. Amma ita Inna ta bar wa Saliha kafin ta rasu, kuma nononta Saliha ke kaiwa kasuwar Bunkure. To, tun shigowar rani hantsarta ta kumbura, nono na fita guda-guda. Saliha ta ɗura mata kafso iri-iri. Da kumburi ya sace sai ta daina, don masu saye ba sa son nono mai ɗacin magani, ciwo kuma ya dawo sabo. Mijinta Gidaɗo ya gaji, har ya kawo mahauci ya lallatsa gadon bayan Wule. Wallahi ranar ko fura Saliha ba ta sha ba.

Ana haka sai ga Aziza, likitar dabbobi mai bincike a rugagen Kura. Ta ja Saliha bakin kanal ɗin ban ruwa, ta sa ta shafa santsin jikin siminti. Ta ce haka ƙwayoyin cutar suka yi a hantsar: sun lulluɓe kansu da yauƙi, magani ya zo ya zame ta sama. Amma akwai wani bairos, wato ɗan mitsitsin halitta, mai narka yauƙin, ya shiga ƙwayar ya fasa ta, ba ruwansa da saniya. Ta ɗebi nonon, ta kuma ɗebi taɓon mashaya, wanda manoman shinkafa ke zagin makiyaya a kansa kullum, ta ce a irin nan ake samun bairos ɗin.

Saliha ta ce a ranta, kashin shanu da fitsari, wai magani! Aziza dai ba ta yi alkawari ba, ta ce gwaji ne, kuma tacewa za ta ɗau lokaci.

Lokaci kuwa shi ne Gidaɗo ba shi da shi. Ranar da ya ɗauko igiya zai kai Wule wurin mahauci, Saliha da ba ta taɓa musu da shi ba ta tare hanya.

"Ka sayar da awarwarona. Wule ba ta zuwa kwata."

Ya mayar da igiyar ya rataye.

Da aka gama tace taɓon, ruwa garau Aziza ta dawo da shi, ta riƙa ɗurawa ta kan nonon. A hankali kumburi ya sauka. Kai ɗaya ya riga ya mutu, ya tsotse, sauran suka dawo.

Safiyar da Aziza ta ba da izinin tatsa, Saliha ta tsuguna da ƙwaryar Inna tsakanin gwiwoyinta. Saboda sabo hannunta ya kai ga mataccen kan. Ta shafa shi, ta koma na kusa. Da nono ya faɗa ƙwarya, sai kuka ya ƙwace mata.