Salansar Maigandi

Maigandi dillali ne a karar shanu ta Potiskum, kuma a shekara talatin da ya yi yana sana'ar bai taɓa yarda akwai abin da ke ƙin tashi ba. In sa ya kwanta a bakin mota ya ƙi hawa, shi ake kira. Ya kama wutsiya ya murɗe, sai ka ga sa ya miƙe kamar an tuna masa da alƙawari.

Ran nan wani makiyayi a bayan Fika ya aiko cewa zai saki bijimai shida, wanda ya riga isowa kafin la'asar shi ke da ciniki. Saƙon ya kai kunnen Babaji ma, dillalin da suka daɗe suna ja da juna. Mai hankali da sai ya hau babur ya kama hanya. Amma Maigandi ya sayi sabuwar salansa mai ƙyalli tun makon jiya, ya ga bai dace ya shiga ruga da tsohuwar da ke tari kamar mashayin taba ba. Sai ya biya garejin Ari makanike a unguwar Yindiski.

Ari ya durƙusa ya duba. Tsatsa ta cinye kusoshi biyun da ke riƙe da salansar a kan injin. Ya ce sai an jiƙa su da kananzir da baƙin mai, a bar su su sha zuwa gobe, sannan a ɗan gasa su, a bi su a hankali. In kuwa sauri ake, a tafi da tsohuwar, ba ta hana tafiya.

Maigandi ya yi dariya, ya ce yaran yanzu lallashin ƙarfe kawai suka iya. Ari dai furfura ta gama cin gemunsa.

"Matsa, Ari. Kai noti ka sani, ni taurin kai na sani."

Ya naɗe hannun riga, ya tokare taya da ƙafa, ya kama salansar da hannu biyu yadda yake kama wutsiya, ya murɗa. Ta yi ƙara. Ya ce ga shi ta fara jin magana. Ya ƙara da iya ƙarfinsa. Sai ƙas, salansa ta biyo hannunsa, shi kuma ya zauna daɓas a cikin kwanon baƙin mai. Kusoshin sun karye, rabinsu ya maƙale can cikin kan injin.

Ari ya leƙa ramin, ya ce yanzu sai an kwance kan injin an kai wa mai walda, kwana biyu in Allah ya taimaka.

"Alhaji, sa yana tashi ne don yana jin zafi. Wannan ba ta ji."

Ana cikin haka sai ga Babaji a kan akwalar baburinsa, salansa ɗaure da waya, hayaƙi na binsa. Ya rage gudu, ya yi wa Maigandi sannu da aiki, ya tambaya ko akwai saƙo zuwa Fika.

Maigandi ya kau da kai gefe. Sabuwar salansa tana jingine da bango, yana ganin fuskarsa a jikinta sarai.