Na Ɗaya a Jerin Irimiya

"Sake karanta min," in ji Mamudu, ya ture kofin koko gefe.

Lailatu, matarsa, ta matso da wayar kusa da fuskarta. Saƙo ne Dorothy, 'yar maƙwabcinsu Irimiya, ta turo a guruf ɗin 'yan layi da safen nan.

"Ta ce an sallamo su daga asibiti, jikin Baba ya yi tsanani, yana son ganin waɗannan mutane. Sai sunaye. Na ɗaya, Malam Mamudu."

"Mamudu nawa ne a layin nan?"

"Kai kaɗai na sani, Malam."

"Na biyu fa?"

"Mama Rekiya mai ƙosai. Na uku Philip bakanike. Haka dai har na ƙarshe, Sheshi tela."

"Fastonsu na nawa ne?"

"Babu fasto a ciki."

"To kin gani. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ya tsallake fastonsa, ya tsallake 'yan cocinsu, ya ɗora ni a kan gaba. Ni da ko a firamare ban taɓa zuwa na ɗaya ba."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu a Tudun Fulani, kuma bishiyar mangwaron Irimiya ba ta taɓa girmama katangar ba. Wani reshenta ya kwanta a kan kwanon Mamudu shekara da shekaru, yana zubar masa da ganye, yana gurzar rufi duk sanda iska ta taso. Daminar bara, ranar wata Lahadi, Mamudu ya jira har Irimiya ya tafi coci, ya hau tsani da adda. Da Irimiya ya dawo, ya tsaya ya dubi dungun reshen, ya ce, "Sannu da aiki, maƙwabci." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Daga ranar suka daina zaman dara a gindin bishiyar, sai gaisuwa daga nesa.

Ba a jima ba ƙafar Irimiya ta fara kumburi. Likita ya ce ƙoda ce. Matan layi suka ce to, amma ƙafar hagu ce, kuma reshen ma ta hagu yake. Mamudu bai yarda da irin wannan magana ba. Yana yawan faɗin bai yarda ba, ko ba a tambaye shi ba.

Da hantsi ya leƙa shagon Sheshi, wai zai duba wandonsa. Sheshi Banufe ne, Mamudu kuwa asalinsa Katsina, don haka ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba.

"A'a, ga na ɗaya," in ji Sheshi, bai ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. "Ka shiga ka fito?"

"Kai ka shiga?"

"Ni na ƙarshe ne. Tankar ruwa in ta zo, lamba. Gidan mai, lamba. Asibiti, kati da lamba. Ka taɓa ganin na ƙarshe ya wuce gaba? Marar lafiya ya tsara abinsa, ni wa zan ɓata masa?"

"Tsoro dai, irin na Nufawa."

"Tsoro yana wajen mai adda. Mu duk muna jiranka, Bakatsine. Mama Rekiya ta ce ba za ta shiga ba sai ta ga yadda ka fito."

Mamudu ya koma gida yana juya wannan magana. Wato jira ake a ga yadda zai fito. Wato akwai abin da za a faɗa masa a ɗakin nan, a gaban 'yar mutum, wataƙila ma da waya a kunne ana ɗauka. Ya ga kansa yana yawo a wayoyin Minna, daga Bosso har Sabon Gari, dattijo da hula a hannu ana masa tambaya a kan reshe.

Washegari ya tuna akwai tantance 'yan fansho. Ya je, aka ce sai wata mai zuwa, abin da ya riga ya sani. Kashegarinta mura ta kama shi, irin wadda ba ta hana cin tuwo. Bayan nan ya ce ya kamata ya leƙa surukinsa a Zungeru.

"Surukin da ka ce ko gawarsa ba ka son gani?" in ji Lailatu.

"Zumunci ne."

"Zumunci yana bayan katangar nan, Malam. Ina jin tarinsa daga madafa."

Bai je Zungeru ba, bai kuma je bayan katanga ba. Ya zauna a falo yana leƙen ƙofar Irimiya ta tsakanin labule. Ba mai shiga. Mama Rekiya takan aika da ƙosai a miƙa daga bakin ƙofa. Philip yakan rage tafiya in ya zo wucewa, ya dubi gidan, ya dubi na Mamudu, ya wuce. Shirun nan ya ƙara tabbatar wa Mamudu cewa an haɗa baki.

Ranar Alhamis da safe aka yi sallama. Dorothy ce, idanunta sun faɗa, zanenta a karkace. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Mamudu, me muka yi wa mutanen layin nan?"

"Kamar yaya, 'yata?"

"Tun da na tura saƙo, ko mutum ɗaya bai shigo ba. Kullum Baba yana sa ni in gyara masa riga, in ajiye kujera kusa da gado. Jiya ya ce in ɗauke kujerar."

Mamudu ya gyara murya. "Ai, lambobin nan ne. Da aka sa ni na ɗaya, sai na ce ko akwai wata magana."

"Wace lamba?" Ta ciro wayarta ta duba, ta daɗe tana kallo. "Baba, wannan ai waya ce ta sa. Na buga ɗaya a gaban sunan farko, sabon aikin koyarwa, shi ke nan duk layin da na sauka sai ta ƙara lamba da kanta. Ban ma lura ba."

"Amma ni ya fara kira."

"Yana kwance ne yana kallon taga, yana bin gidaje daga ƙofarmu zuwa bakin titi. Naku ne a kusa."

Mamudu ya ji sanyi a ransa, ya kuma ji wani ɗan haushi da bai san inda zai ajiye shi ba. Ashe ko a nan ma ba da ƙoƙarinsa ya zo na ɗaya ba. Ya ce wa Lailatu ta kira mutane, ya ɗauki hularsa.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin man zafi da magani. Irimiya ya rame har zoben aurensa yana ɗaure da zare a wuya. Ya buɗe ido a hankali.

"Maƙwabci. Hanya ta yi nisa ko?"

"Mura ce ta kama ni."

"Na ji tarinka. Ba shi da ƙarfi."

Mamudu ya zauna a kujerar da Dorothy ta dawo da ita, ya riƙe gwiwoyinsa, yana jiran maganar. Irimiya ya ɗaga yatsa ya nuna sama.

"Addar nan taka tana nan?"

"Tana nan."

"Akwai ɗaya reshen, wanda ke kan ɗakin Dorothy. Ka sare mata kafin ruwa ya sauka. Kai ka iya." Ya numfasa. "Amma ka yi ranar Litinin, kowa yana gani."

Mamudu ya yi dariya. Ya kama hannun Irimiya, ya ji shi ba nauyi. Suka zauna tare, irin zaman da suke yi a kan dara.

Da ya fito, ya tarar an jera benci a gindin mangwaro, 'yan layi sun cika shi. Dorothy ta yi musu bayanin waya, kowa ya gyaɗa kai, amma da ta ce a shigo, Mama Rekiya ce ta miƙe, sauran suka gyara zama, kowa yana jiran lambarsa. Ɗakin ba ya ɗaukar taro, Irimiya kuma yana gajiya, sai an bar shi ya huta tsakanin mutum da mutum. Philip ya shiga kafin azahar. Benci yana raguwa kaɗan-kaɗan, Mamudu yana tsaye jikin katanga yana kallon inuwa tana matsawa.

Ana kiran la'asar saura Sheshi kaɗai. Ya zo da filas ɗin kunun gyaɗa da matarsa ta dama, ya rungume shi a cinya tun safe. Bai tsokani Mamudu ba ko sau ɗaya. Da na gabansa ya fito, ya miƙe ya je bakin ƙofa, ya sunkuya yana kwance takalmi.

Sai Dorothy ta ɗaga labule ta tsaya. Ta jingina kanta da ƙyauren, ta ce, "Baba ya rasu."

Sheshi ya daɗe a wurin, filas a hammata, ƙafa ɗaya cikin takalmi, ɗayar a kan siminti. Iska ta taso, reshen ya fara gurzar kwanon ɗakin Dorothy.